Watan da Sabitu Ya Gani

Sabitu Rabe yana da shekara tara ranar da abin ya fara zo masa. Yana kiwon awakin kakarsa ne a bayan Gidan Kyauta, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Makera, ƙasar Dutsin-Ma. Rana ta take. Ya ɗaga kai zai duba awaki, sai ya ga ɗigon haske kamar ƙwayar gero a jikin baƙar akuya. Ya murza ido, ɗigon na nan. Ya dubi ƙasa, ɗigon ya sauko ƙasa. Kafin ya kai gindin kuka, ɗigon ya miƙe ya lanƙwashe kamar lauje, ya yi haƙora, yana ƙyalli yana rawa, duk abin da ya shiga cikin lanƙwasar kuwa ya ɓace. Rabin awakin babu, rabin kukar babu. Hannunsa na dama ma sai da ya motsa yatsu ya yarda yana nan. Ya zauna ya rufe ido, laujen ya biyo shi cikin duhu.

Da abin ya wuce sai ciwon kai ya sauka a ɓari ɗaya, da tashin zuciya. Ya koro awaki gida ya faɗa wa mahaifiyarsa, Rekiya. Ta ce iskar gindin kuka ce. Aka lulluɓe shi da zane aka yi masa hayaƙi, aka ba shi rubutu ya sha, aka kulle shi ɗaki kwana uku. Da ya fito yara sun riga sun raɗa masa suna, mai aljanu, kuma in ya zo wurin langa sai a watse. Abin ya dawo bayan wata biyu, bai faɗa wa kowa ba. Ya koyi neman inuwa ya zauna kamar mai hutawa, ya bar laujen ya girma ya fice ta gefen ido, sannan ya tashi. Haka ya yi shekara hamsin da wani abu.

In ban da waɗannan lokuta, babu mai ido irin nasa a ƙasar. Yana hango shaho tun yana ɗigo a sama. Yana faɗa maka wanda ke tafe a hanyar Kurfi daga yanayin tafiyarsa, kai kuwa ba ka ma ga mutum ba. A yamma da gari akwai wani baƙin dutse mai faɗi inda mata ke shanyar kuɓewa, daga kansa kuma ake duban wata. Ran ashirin da tara ga kowane wata dattawa kan hau bayan la'asar sakaliya, su tsaya suna kallon inda rana ta faɗi. Sabitu yana da shekara sha biyar ya riga su duka, ya miƙa yatsa ya ce ga shi can, a kan giginyar gidan liman. Suka daɗe suna lalube kafin su same shi, siriri kamar yankan farce. Tun daga ranar sunan mai aljanu ya mutu.

Shari'a ba ta karɓar mutum ɗaya a ganin watan Sallah, sai shaidu biyu adalai. Na biyun Sabitu kullum Atiku ne, Bafulatanin da iyayensa suka zauna a gefen gari tun bai yi wayo ba, har Fulatancin ya zube daga bakinsa sai gaisuwa. Sa'o'in juna ne. Atiku bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Kaɗo. Shi kuma yana ce masa Bafillace. Yadda suke aikin kuwa kowa ya sani: Sabitu ya gani, ya kama kafaɗar Atiku ya juya shi, Atiku ya ɗora haɓa a kan hannun Sabitu ya bi yatsa da ido har ya ce na gani. Da ƙuruciya da gaske yake gani. Da shekaru suka ja, idon Atiku ya fara hazo, har yakan gai da kututture da yamma, amma na ganin tasa ba ta taɓa makara ba. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani a kai, har shi Atikun.

Sabitu ya auri Zinariya, 'yar Karofi, mace mai ƙaramin jiki da dariya a maƙoshi. Sun haifi biyar, uku suka rayu. Ita ma bai faɗa mata ba. Ta san dai mijinta yakan shiga ɗaki wani lokaci da rana ya juya fuska bango, takan kore kaji daga ƙofar, ta ce wa yara babanku na lazimi.

Shekarar da abin ya faru, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ana yini a gona ana maimai da baki a bushe, gero ya kai ƙugu, zafi na tasowa daga ƙasa bayan ruwa. Mutane sun jigata. Zinariya tana fama da ciwon ciki, ta ƙi ajiye azumi, kullum da la'asar sai ta kwanta a kan tabarma kamar wankin da aka matse. Ran ashirin da tara Sabitu ya baro gona kansa na ɗan sarawa, ya yi alwala, ya bi ta wajen Atiku suka hau dutse. Akwai gajimare a yamma, amma ya tsage ta ƙasa ya bar wata kafa ja. Sabitu ya ƙura wa kafar ido tun rana ba ta gama nutsewa ba, har hawaye na zubo masa.

Nan ya gan shi. Siriri, fari, a lanƙwashe, daidai inda ya kamata ya tsaya.

Ya kama kafaɗar Atiku. "Ga shi can, Bafillace. Ƙasan baƙin gajimaren, hannun dama."

Atiku ya ɗora haɓa ya bi yatsa. "Na gani," in ji shi. "Wallahi na gani. Ɗan ƙarami."

Sauran mutum huɗu da ke kan dutsen suka duba har duhu ya rufe kafar, ba su samu ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Suka sauko tare.

A kan hanyar saukowa ne Sabitu ya lura watan ya biyo shi. Ya dubi ƙafarsa, yana kan takalminsa. Ya dubi bayan Atiku, yana kan rigarsa. Da suka isa ƙofar masallaci, tsohon liman ya fito ya tambaye su, watan yana zaune a kan gemun liman, ya fara yin haƙora. Liman ya ce, "Sabitu, ka gani da idonka?" Atiku ya riga shi amsawa, da murya mai ƙarfi, ya kwatanta har inda ƙahon ya fuskanta. Liman ya sake juyowa. Sabitu ba ya ganin rabin fuskarsa. A bayansu wani yaro ya riga ya ruga cikin gari da ihun wata ya tsaya, wata mata ta rangaɗa guɗa daga bayan danga, aka ji taɓarya ta faɗa turmi.

"Na gani," in ji Sabitu.

Mai gari ya aika wa hakimi, ruwa ya tsuge, ɗan aiken bai dawo ba. Rediyo bai ce komai ba. Liman ya ce shaidu biyu sun cika, shi ba zai sa mutane su yi azumi ranar idi ba. Gidan Kyauta da unguwanni biyu na kusa suka yi Sallah washegari, Dutsin-Ma da Kurfi da sauran ƙasa suna azumi. Da magariba wata ya fito kowa ya gan shi. Wasu suka ce ai siriri ne, na daren farko. Atiku ya ce duk mai ido ya san na kwana biyu ne, kuma maganarsa ce ta zauna, don ta fi daɗin ji. Aka shiga cewa shekarar da Sabitu ya riga birni. Har yau in mace za ta faɗi shekarun ɗanta takan ce an haife shi bayan Sallar Sabitu da damina ɗaya.

Shi kuwa ya ci tuwon Sallah kamar yana cin ƙasa. Bayan kwana biyu ya rama nasa azumin a ɓoye. Sannan ya zauna ya dubi garin, gida gida. Kowane baligi a ciki yana bin sa yini ɗaya bai sani ba. Ya san abin da ya kamata: ya tashi a masallaci ya faɗa. Amma in ya ce bai gani ba, to mene ne Atiku ya gani? Shi za a ce ciwo ya ruɗe shi. Atiku za a ce ya rantse da Allah a kan abin da babu.

Sai ya yanke wa kansa hukuncin da babu malamin da ya ba shi. Ya ce zai rama musu. Ya fara daga gidan gabas, ya ɗauki Litinin da Alhamis, kowace rana da sunan mutum guda. Da asuba in zai yi niyya sai ya ce a ransa, yau na Kande ne, matar maƙeri. Yau na Kamilu mai faci ne. In ya gama gida ya shiga na kusa da shi. Yakan tuna wani baƙo da ya yi Sallar a garin, ko amaryar da aka kawo a watan, ya koma baya. Mutane suka ce Sabitu ya zama waliyyi. Dutsen kuwa ya ci gaba da hawa, amma bai ƙara riga kowa magana ba, ya ce ido ya tsufa. Ba a daɗe ba ma waya ta shiga hannun kowa, sanarwa na zuwa kafin a gama alwalar isha'i, dutsen ya koma na masu shanya kaɗai.

A cikin shekarun nan laujen ya canza hali. Da can rabin awa yake yi ya tafi. Yanzu yakan zo da hantsi ya kai la'asar. Wani lokaci ya tafi ya bar wani gurbi mai toka-toka a gefen gani, kwana biyu, kwana uku, kamar tabon da fitila ke bari a bango. Ranakun azuminsa ya fi zuwa. Sabitu ya ɗauka hakan daidai ne, wanda ya ci bashin yini ai da ido zai biya.

Zinariya ta rasu shekara huɗu bayan Sallar. Yana zaune kusa da ita ranar, laujen ya zo ya cinye rabin fuskarta, ya yi ta karkata kai yana neman inda zai gan ta duka. Ta ce, "Malam, mi kake leƙe haka?" Ya ce babu komai. Maza biyun suna Kaduna da Legas wajen neman abinci, sukan kira ran Juma'a. Batula, 'yar autarsa, tana aure a Kurfi. Gidan ya rage shi da tumaki biyu da rumbu. Kande, maƙwabciyarsa, wadda ya riga ya yi wa azumi tun shekarar farko, ita ke aiko masa da tuwo.

Mutum ɗaya ke shigowa ya zauna. Kullum bayan la'asar Atiku zai turo kai zaure da sandarsa.

"Kaɗo, kana da rai ko in raba gado?"

"Mi za ka gada, Bafillace? Ko fartanya ba ka iya riƙewa ba."

"Tumakin nan nake so. Kana kashe su da dusa kamar kaji."

Sai ya zauna a kan turmin da aka kife, su yi ta hira har kiran magariba. In akwai baƙo a gari, ko yaran makaranta sun tsaya gaisuwa, Atiku ba ya bari su tafi sai ya ba su labarin. Labarin ya yi ƙiba da shekaru. Gajimaren ya zama baƙi kamar gindin tukunya, kafar ta zama kamar ramin allura, mutanen birni da tabaransu duk sun kasa. "Mu biyu rak," yakan ce, yana dukan ƙirji. "Ni da wanga Kaɗon." Shanunsa sun ƙare tun shekarun da ɓarayi suka addabi daji, 'ya'yansa sun watse, labarin nan shi ne abin da ya rage masa da zai nuna. Sabitu yakan sunkuyar da kai, a ɗauka kunya ce.

Bara da kaka Batula ta kira shi. Ta ce Hussaina, 'yarta mai shekara goma, ta sake yin abin nan a makaranta, ta ce allo ya ɓace, ta yi amai. Dangin uban sun ce a kai ta wajen mai ruƙiyya, uban kuma yana Abuja. Ita tana so ta kai ta asibiti a Dutsin-Ma, tana neman wanda zai raka ta. Sabitu ya hau babur ya je Kurfi ya kwana, da safe suka shiga mota.

Hussaina ta zauna a jikinsa. "Tsoho, in na makance za ka sake ni ko?"

"Ni da na samu amarya da ƙyar? Sai dai mu riƙe sanda ɗaya."

"Sandarka ta yi mini tsawo. Kuma kana warin tumaki."

Likitar mace ce, ba ta kai Batula shekaru ba. Ta haska idon yarinyar, ta sa ta karanta haruffa, ta ce idon lafiya lau. Sannan ta miƙa mata takarda da biro ta ce zana mini abin da kike gani. Hussaina ta ciji leɓe ta zana. Sabitu yana tsaye a bayanta. Ta fara da ɗigo. Ta ja shi ya lanƙwashe. Ta yi masa haƙora ɗaya bayan ɗaya, da kulawa, kamar mai yi wa ƙwarya ado.

Sabitu ya ga laujensa a kan takardar. Ya zauna a kan gadon duba marasa lafiya ba tare da an ce ya zauna ba.

Likita ta yi wa Batula bayani. Ta ce wani nau'in ciwon ɓarin kai ne da ke fara taɓa gani, ba daga ƙwayar ido yake ba, shi ya sa ko an rufe ido ana ganinsa. Ba aljanu ba ne. Yana kama yara yana kama manya, yana kuma bin jini. Yunwa na tayar da shi, da ƙishirwa, da rashin barci, da ƙura wa haske ido. Yawanci ba ya kai awa ɗaya. In ya wuce haka, ko ya zo a ido ɗaya kawai, ko da nauyin harshe ko mutuwar hannu, kada a zauna a gida.

"In ya kai yini fa?" in ji Sabitu.

Likita ta juyo. "Na wa, Baba?"

"In ya tafi ya bar toka kwana uku?"

Batula ta dube shi baki buɗe. Ya faɗi, a gaban 'yarsa da jikarsa da baƙuwa, abin da bai faɗa wa matarsa ba. Bai fi jimla biyar ba. Shekara hamsin da bakwai suka shige cikin jimla biyar, har ya ji kunyar ƙanƙantarsu. Likita ta auna jininsa, ta ce ya hau. Ta rubuta masa takardar zuwa Katsina a yi hoton kai, ta ce a shekarunsa ba a wasa da wanda ke daɗewa haka. Da ta ji yana azumi sau biyu a mako ta ajiye biro. Ta ce na farilla a zo a yi shawara in ya matso, na nafila kuwa ya dakata.

"Ba nafila ba ne," in ji shi.

A mota Hussaina ta raɗa masa, "Naka wane launi ne?" Ya ce fari, da ɗan shuɗi a bakin haƙoran. Ta ce nata har da ja. Sannan kowa ya kama tagarsa.

Hoton Katsina bai nuna wani mugun abu ba. Aka ba shi magani. Da ya dawo ya tafi wajen liman, Malam Mas'ud, ɗan tsohon limamin da ya karɓi shaidarsa, wanda ya yi karatu a Katsina ya dawo ya gaji mahaifinsa. Ya same shi a zaure shi kaɗai ya faɗa masa komai, har da gidajen da ya gama da waɗanda suka rage. Saura unguwa ɗaya, in ji shi, ga shi an hana shi azumi. Yana so ya ji ko zai iya ciyarwa a madadin sauran.

Malam Mas'ud ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba Sabitu, Allah ya ba ka ladan abin da ka yi. Amma ba a rama wa mai rai azumi. Ko ɗaya bai sauka daga kan kowa ba."

"Ko na Kande?"

"Ko na Kande. Ba su da zunubi, sun bi shaida. Amma tunda an sani, yinin na nan, kowa shi zai rama nasa. Kuma ba za su rama abin da ba su sani ba." Ya gyara zama. "In ka so ni zan faɗa. In ce an samu kuskure a lissafin wata shekara."

"Wace shekara za ka ce da ba za su gane ba?"

Sabitu ya jawo takalmansa kusa.

"Ni na ce na gani," in ji Sabitu. "Ni zan ce ban gani ba. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Ran Alhamis da la'asar Atiku ya turo kai. Sabitu ya bar shi ya gama tsiyarsa ya zauna a kan turmi. Sannan ya faɗa masa, tun daga baƙar akuya har gemun tsohon liman. Atiku yana sauraro yana kaɗa sanda a ƙasa. Da aka zo ƙarshe sandar ta tsaya.

"To kai ba ka gani ba," ya ce. "Ni na gani."

"Atiku, babu abin gani. A cikin kaina yake."

"Ya aka yi na ga abin da ke cikin kanka? Ni boka ne? Ƙasan gajimare, hannun dama, ƙaho na kallon kudu. Ko yanzu na rufe ido ga shi nan."

"Yatsana ka bi."

"Shekara arba'in ina bin yatsanka, ka taɓa nuna mini banza?" Ya buga sanda a ƙasa. "Wata 'yar yarinya ta haska maka tocila a ido, shi ke nan ni na zama mai rantsuwar ƙarya? Ka bari mana. Mi ya rage mana, ni da kai? Ka bari mu mutu da abinmu."

"Mutane na ɗauke da yini a wuya."

"Ni kuma ka ɗora mini mi?"

Atiku ya dogara sanda ya miƙe. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Sai an jima, Malam Sabitu."

Ran Juma'a bayan an sallame, liman ya ce a ɗan dakata. Sabitu ya tashi a sahu na biyu, ya riƙe ginshiƙi. Ya ce watan da ya ce ya gani a shekarar da suka riga birni Sallah ba wata ba ne, ciwo ne da yake da shi tun yana yaro. Ya ce ya gane tun kafin a daki turmi, ya yi shiru. Ya ce Atiku ba shi da laifi, shi ya juya shi ya nuna masa. Ya roƙi gafara. Wani tsoho ya yi tari. Daga baya Kamilu mai faci ya ce daga sahun baya, "Ashe naman da muka ci ran nan na sata ne," wasu suka yi dariya, wasu suka ce a yi shiru. Wani ya ce shi tun ranar ya san watan siriri ne. Wani ya tambaya ya za a yi da waɗanda suka rasu, liman ya ce a yi musu addu'a da sadaka. Aka tsayar da Litinin mai zuwa, duk wanda ya balaga a shekarar ya ɗauka, a aika wa unguwanni biyun da 'yan ci-rani. Atiku yana sahun gaba. Bai waiwayo ba, da aka tashi ya fita ta ƙofar gabas.

Litinin ɗin gari ya tashi shiru kamar tsakiyar Ramadan. Babu hayaƙi a gidaje sai na kunun yara. Mai shayi bai kafa tebur ba. Sabitu, wanda ya rama nasa tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma magani na jiransa da rana, shi ne dattijo ɗaya da ba ya azumi. Ya dama gari da ruwa ya shiga ɗaki ya saki labule. Ya sha a hankali, yana kula kada ludayi ya bugi kwano.

Da magariba kwanuka suka fara shigowa. Daga gidan liman, daga gidan mai gari, har daga gidan Kamilu. Kande ta kawo nata da kanta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, leɓunanta a bushe.

"An ce ka taɓa yi mini azumi, Malam."

"An ce bai karɓu ba."

"To ni dai na gode. Da ka tambaye ni ma da na ce ka ƙara da na haihuwar Sauda, har yau ana bina kwana uku." Ta yi 'yar dariya, ta tura kwanon ciki.

Ya dubi kwanukan, ya san fasalin na kowane gida. Ya ce, "Atiku ya ɗauka?"

Kande ta gyara lulluɓi. Ta ce da azahar Atiku ya zo ƙofar masallaci da butarsa, ya tsaya inda kowa zai gan shi, ya yi bisimilla da ƙarfi ya sha ruwa. Ya ce shi azuminsa na waccan shekarar ashirin da tara ne cif, don ya ga wata da idonsa.

"Ya yi maganata?"

"Bai yi ba."

Shekara ta zagayo yanzu. Da magani da cin abinci a kan kari, laujen ya rage zuwa, in ya zo ma ba ya kai la'asar. Sabitu ya daina shiga ɗaki ya juya fuska bango. Duk inda abin ya same shi yakan zauna ya ce wa na kusa, ya zo, ku ɗan jira ni. Hussaina takan kira shi a wayar uwarta in nata ya tashi, su yi gardamar na wa ya fi daɗewa. Mutanen gari suna gaishe shi kamar da, wasu ma da ƙarin ladabi, amma gaisuwa ce ta wucewa.

Atiku yana nan da rai. Ya canza hanyar masallaci, yana zagayawa ta bayan maƙera, ga shi da ciwon gwiwa. Da la'asar Sabitu yakan fito ya zauna a bakin zaure. Daga nan ana hango bayan maƙerar, nesa, inda wani ba zai gane ko mutum ne ko jaki ba. Shi yana gane tafiyar. Yakan bi ta da ido har ta shige bayan danga, sannan ya tashi ya ba tumaki ruwa.